Kuɗin Buɗe Fayil: Wa Ya Ce Sai Ka Biya Kafin A Biya Ka?

Ranar wata Laraba a zangon karatun da ya gabata, ana gab da kaɗa ƙararrawar tashi, wani dattijo ya shigo harabar makarantarmu riƙe da jakar leda cike da takardu. Tun daga nesa na shaida tafiyarsa. Shi ne hedimastan da ya karɓe ni a shekarar 2004, ranar da na zo da takardar NCE ɗina ko lanƙwasa ba ta yi ba. Shi ya koya mini cika rajista da rubuta tsarin darasi, shi ne kuma ya hana ni kuka ranar da sufeto ya fara shiga ajina. Na ɗauko masa kujera na ajiye a gindin darbejiya, muka gaisa, muka tambayi iyali. Ya daɗe yana juya hularsa a hannu kafin ya ce, "'Yata, wata 'yar lalura ce ta kawo ni. Aron Naira dubu 15 nake nema, zuwa ƙarshen wata."

Na ce, "Baba, lafiya dai ko? Ko jikin Mama ne ya tashi?"

Ya ce, "Lafiyarta lau. Kuɗin sa hannu ne ya rage. Yaron ya ce da zarar an biya, ranar Litinin kuɗina za su shigo."

A hankali na riƙa jawo zaren labarin. Wata huɗu kafin ranar, wani ya kira shi a waya, ya ambaci cikakken sunansa, da makarantar da ya yi ritaya, da matakin albashinsa na ƙarshe, ya ce shi wakilin wani kamfani ne mai ƙwato wa 'yan fansho haƙƙinsu. Ya ce an yi wa Baba ƙwange a lissafi, akwai kuɗi masu kauri da suka maƙale, su kuma aikinsu ke nan su zaƙulo su. Aka fara da kuɗin buɗe fayil, dubu 10. Bayan mako biyu aka ce kuɗin tantancewa, dubu 25. Daga nan sai kuɗin lauya, dubu 40, wanda sai da ya sayar da tunkiyar gidan kafin ya haɗa. Duk a asusun wani mutum ya tura, sunan mutum ne ba na kamfani ba, babu rasit, bai kuma taɓa ganin fuskar yaron ba. Mutumin da ya shekara 35 yana koya wa yara tarawa da ɗebewa, ga shi zaune a gabana yana neman cikon kuɗin da zai miƙa wa murya.

Ban ba shi kuɗin ba, kuma ya tashi ransa a ɓace. Dalilin wannan rubutu ke nan. Ina so in faɗa wa 'yan'uwana malamai na wannan reshe, daga Kawo zuwa Unguwar Shanu, daga Badarawa zuwa Kabala, magana ɗaya da na tsaya a kanta: duk wanda ya ce ka fara biyan kuɗi kafin ya karɓo maka fansho, ko giratuti, ko diyyar cutar da aka yi maka a kan fansho, to ka ɗauka kuɗin da ka miƙa shi ne ƙarshen cinikin. Abin da ya zo nema ke nan, kuma ya samu.

Kada wani ya yi wa Baba dariya. Wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi. Mu da muka ga shekarar 2017 da idonmu mun san yadda malami kan kwana da aiki ya wayi gari babu. Jarrabawar da aka yi mana a wannan shekara ta raba malaman firamare 21,780 da aikinsu, ƙungiyarmu ta shiga yajin aiki a Janairun 2018, sannan a 2022 aka sake sallamar wasu fiye da 2,000. Ba na son in tayar da tsohuwar muhawara a kan dacewar abin ko rashin dacewarsa. Wannan shafi ya sha ɗaukar ta. Abin lura a nan shi ne dubban mutane sun fita da takardu a hannu, suna bin haƙƙoƙin da ba su san ta wace ƙofa ake bin su ba, a daidai lokacin da tsarin fanshon jihar kansa ya canza. Ɗan damfara ba ya buƙatar gona mai albarka da ta wuce wannan.

Akwai kuma abin da ya riga ya zauna a zukatan mutane, cewa kuɗin fansho ba sa motsi sai an shafa wa wani mai a baki. Wannan zato bai faɗo daga sama ba. Abdulrasheed Maina, wanda aka ɗora a kan kwamitin gyaran fansho na tarayya a 2010, shi ne Babbar Kotun Tarayya da ke Abuja ta ɗaure shekara takwas a Nuwamban 2021 kan halatta kuɗin haram da suka haura Naira biliyan 2, bayan ya tsallake beli an kamo shi a Jamhuriyar Nijar. Wanda ya ji irin wannan labari a rediyo, in an ce masa ya ba da dubu 20 don fayil ɗinsa ya tashi daga wannan tebur zuwa wancan, ba zai ga abin mamaki ba. Manyan ɓarayin sun tsaga bangon, ƙananan ƙadangaru suka samu wurin shiga.

To amma bari mu duba yadda tsarin yake, domin rashin saninsa shi ne jarin waɗannan mutane. A 2004, zamanin Shugaba Obasanjo, aka kafa dokar da ta kawo fanshon karo-karo, aka kuma kafa hukumar PenCom don sa ido. A 2014 aka sabunta dokar, inda a matakin tarayya ma'aikaci ke zuba aƙalla kashi 8 cikin ɗari, mai ba shi aiki ya zuba kashi 10. Jihohi kowace da dokarta. Tamu ta yi tata a 2016, aka fara aiki da ita a Janairun 2017. Kuɗin da ake cirewa suna shiga asusun ajiyar ritaya mai ɗauke da sunanka da lambarka kai kaɗai. Kamfanin kula da fansho da ka zaɓa shi ke juya su, amma ba a hannunsa suke ba. Suna wurin wani kamfanin ajiya dabam, an raba su ne da gangan don kada mai juyawa ya zama shi ne mai riƙe da mabuɗi. Ladan waɗannan kamfanoni kuwa doka ta riga ta yanka musu daga cikin asusun. Ma'ana, ka riga ka biya. Duk watan da aka cire maka kuɗi, ka biya kuɗin fom, ka biya kuɗin fayil, ka biya kuɗin sa hannu. Babu wata gaɓa a cikin wannan sarƙa da aka ce ɗan fansho ya zaro kuɗi daga aljihu ya tura asusun wani.

Irinmu da muka fara aiki kafin 2017 ƙafarmu biyu ce, ɗaya a tsohon tsari, ɗaya a sabo. Shekarun da muka yi kafin canjin ana lissafa su a matsayin haƙƙin baya, wanda gwamnati za ta zuba a asusun mutum idan ya yi ritaya, kuma rukuni-rukuni ake biyansa gwargwadon kuɗin da aka saki. A nan ne jira yake, kuma a nan ne 'yan damfara suka kafa rumfa. Sun san jerin sunaye kan fito, sun san mai jira kullum kunnensa na kan waya. Sai su ce maka sunanka ya kusa, amma akwai wanda ke shirin tsallake ka. Tambayar da ya kamata mutum ya yi ita ce, in gwamnati ba ta saki kuɗin rukuninka ba, daga wace rijiya wannan yaro zai ɗebo su? In kuwa ta saki, me ya rage da zai yi maka?

Na san amsar da za a ba ni, domin an ba ni ita a ɗakin malamai. Wata abokiyar aikina ta ce, "Malama, ai mijin yayata ya biya, kuma kuɗinsa sun fito." Ban ƙaryata ta ba. Lissafin ɗan aji huɗu ne. A ce mutum ya karɓi dubu 20 a hannun mutum 50, ya tashi da miliyan ɗaya bai ɗaga ko tsinke ba. Cikin mutum hamsin ɗin nan, biyar ko shida dama layinsu ya zo, za a biya su ko da shi ko ba shi. Waɗannan su ne za su zama masu yi masa talla a wurin suna da ɗaurin aure, sauran arba'in da 'yan kai kuwa kunya za ta rufe musu baki. Ya sayar wa mijin yayarki ruwan sama ne a watan Agusta. In kuma an ce a'a, da gaske yana da wani a ciki wanda ke ɗaga fayil, to abin ya fi muni. Sunan wannan cin hanci, mai bayarwa da mai karɓa duk doka na iya hawa kansu, kuma fayil ɗin da aka danne don naka ya hau, wataƙila na matar wani abokin aikinmu ne da ya rasu ya bar marayu.

Akwai wani salo da ya fi wannan wayo, kuma shi na fi jin tsoro, domin yakan sari mutum sau biyu a wuri ɗaya. Idan ma'aikaci ya yi ritaya a sabon tsari, bayan dunƙulallen kuɗin da za a ba shi, yana da zaɓi biyu game da abin da ya saura. Ko dai ya bar kuɗin a wurin kamfanin fanshonsa a riƙa yanka masa wata-wata bisa tsari, ko ya miƙa su ga kamfanin inshora ya sayi fanshon tsawon rai. Kowanne da amfaninsa. Na inshora ba ya yankewa muddin mutum na numfashi, ko da ya shekara ɗari. Sai dai yana da sharuɗɗan da ba kowane dillali ke tsayawa ya bayyana ba. An lamunce shekara goma ne. In mutum ya rasu a cikinsu, magada su karɓi ragowar, in ya rasu bayansu, babu abin da ya rage na gado. Na wata-wata kuwa, duk abin da ya saura a asusu na magada ne. Sannan wanda ke kan na wata-wata yana iya komawa na inshora daga baya, amma wanda ya shiga na inshora ba ya dawowa. Ƙofa ce mai buɗewa ta gefe ɗaya. Dillalin da ke bin dattijo har gida da fom a hannu yana da kamasho a kan kowane sa hannu, don haka adadin da za a riƙa karɓa a wata kawai yake nunawa, ya haɗiye maganar gado.

Bayan shekara ɗaya ko biyu dattijo ya gane abin da ya sa wa hannu, ya shiga nadama, ya fara faɗa wa duk wanda ya zauna kusa da shi. Nan ne na biyu zai bayyana. Zai ce an yaudare ka, kuma gaskiya ya faɗa, shi ya sa maganarsa ke shiga. Zai ce kamfaninsu ya ƙware wajen warware irin wannan yarjejeniya da karɓo diyya, kawai ka biya kuɗin rajista da na bincike. Ana kukan targaɗe sai ga karaya. Abin da ƙa'ida ta ce ba ya warwaruwa, yaron da ke kiranka da lambar da ba ta da ofis ba zai warware shi ba. In akwai hujjar cewa an ɓoye maka gaskiya ko an sa hannu a madadinka, masu ikon duba wannan su ne PenCom da hukumar inshora ta ƙasa, wato NAICOM, kuma ba sa karɓar kuɗin shigar da koke.

Wannan ciwo ba a kanmu aka fara shi ba. A Ingila, tsakanin 1988 da 1994, dillalai masu cin kamasho sun zuga ɗimbin ma'aikata, ciki har da malaman makaranta da ma'aikatan jinya da masu haƙar kwal, suka fice daga fanshon wurin aikinsu mai inganci suka koma na kamfanoni masu zaman kansu. Da asiri ya tonu, diyyar da aka biya ta haura fam biliyan 10. Daga baya irin waɗannan badaƙaloli suka haifar da wata sana'a, ta kamfanonin da ke cewa za su karɓo wa wanda aka cuta diyya. Wasu na karɓar kuɗi tun kafin su fara, wasu su yanki kaso mai tsoka daga diyyar, alhali akwai ofishin sauraron koken harkokin kuɗi da mutum zai iya rubuta wa da kansa kyauta. Sai da hukuma ta shiga tsakani. A Janairun 2019 aka haramta kiran mutum a waya haka kawai don yi masa tallan fansho, a Afrilun wannan shekarar aka sa waɗannan kamfanoni ƙarƙashin hukumar da ke sa ido kan harkokin kuɗi, a 2022 kuma aka ƙayyade abin da za su iya yanka. In ƙasar da ke da adireshin kowa da rajistar kowane kamfani ta sha wannan wahala, ina ga mu da mutum zai sayi layin waya yau ya jefar gobe?

Za a ce, to lauya fa, ai shi ma yana karɓar kuɗi kafin ya shiga kotu. Haka ne, kuma ba na cewa kada wanda aka zalunta ya nemi lauya. Sashe na 210 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya kare haƙƙin fanshon ma'aikacin jiha, kuma Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, wadda ke da zama a nan Kaduna, ita ke sauraron irin waɗannan ƙararraki. Amma lauya yana da suna da ofis da za ka je ka zauna, yana da hatimin ƙungiyar lauyoyi a kan takardunsa, yana ba da rasit, kuna rubuta yarjejeniya, kuma in ya ci amanarka akwai inda za ka kai shi. Lauyan kirki ba zai rantse maka cewa ranar Litinin kuɗi za su shigo ba, domin ba shi ne alƙali ba. Haka nan kada takardar rajistar kamfani ta ruɗe mu. Suna son turo hotonta ta WhatsApp da tambarin gwamnati a sama. Wannan takarda shaida ce kawai cewa an yi wa suna rajista. Mai sayar da kayan gini ma yana da irinta. Lasisin taɓa harkar fansho PenCom ce ke bayarwa, kuma sunayen masu shi a bayyane suke.

Mu da ke bakin aiki kada mu ɗauka abin na tsofaffi ne. Tun da PenCom ta fitar da ƙa'ida a Satumbar 2022 cewa wanda ya yi aƙalla wata 60 yana zubi zai iya amfani da kashi 25 cikin ɗari na asusunsa a matsayin kafin alƙalamin rancen gida, wasu dillalai suka fito suna zagaya makarantu. Ba gida suke sayarwa ba. Cewa suke za su haɗa maka takardun gida na bogi, kuɗin su fito, su ɗauki nasu kaso, ka riƙe saura, amma ka fara biyan kuɗin fom. Na ji masu cewa ai kuɗina ne, ina ruwan wani. Kuɗinka ne, amma na tsohon da za ka zama ne, wanda ba zai iya tsayuwa gaban allo ba. A ce akwai miliyan 4 a asusunka, aka ciro miliyan ɗaya, dillali ya yanki nasa, ragowar ta tafi a hidimar biki da kuɗin makaranta. Ribar da wannan miliyan za ta tara cikin shekara goma sha biyar ko ashirin ta tafi, fanshonka na wata ya ragu har ƙarshen rayuwa, gida kuma babu. Sannan sa hannunka ne a kan takardar ƙarya, ba na dillali ba.

Abin da ya fi ɗaure wa Baba kai shi ne yadda yaron ya san komai nasa. Ya ce mini, "In ba daga ofis yake ba, ina ya samu matakin albashina?" Na ce, Baba, sau nawa ka kai takardunka shagon hoton takardu ka bar waɗanda suka lalace a kwandon shara? Sau nawa aka ce a rubuta suna da lamba a takardar halartar taro, takardar ta yi ta yawo hannu-hannu? Mu kanmu muna tura hoton takardar albashi da jerin sunaye a zaurukan WhatsApp masu mutum ɗari biyu, rabinsu ba mu san su ba. Sanin sunanka ba shaidar komai ba ne. Wanda kuwa ya nemi lambar BVN ɗinka, ko lambar sirrin katin banki, ko lambobin nan da banki ke turowa a saƙo, da sunan zai sabunta maka bayanan fansho, wannan ba dubu 20 yake so ba, asusun gaba ɗaya yake nufi. Hukumar PTAD, wadda aka kafa a 2013 don 'yan fanshon tarayya na tsohon tsari, ta sha yin shela cewa ayyukanta kyauta ne, kuma ma'aikatanta ba sa kiran kowa su nemi kuɗi. Shelar tana fita, amma ba ta kai gindin darbejiyar da Baba ke zama.

Doka ba ta yi shiru ba. Dokar zamba cikin aminci ta 2006 ta tanadi ɗaurin shekara bakwai zuwa ashirin, ba zaɓin tara, ga wanda ya karɓi dukiyar wani ta hanyar yaudara, kuma EFCC na da ofis a garin nan. Amma doka ba ta aiki sai an kai ƙara, mu kuwa kunya ta fi ƙarfinmu. Malami ya saba shi ake tambaya, shi ke raba gardama a unguwa, shi ke karanta wa maƙwabta wasiƙa. Ya buɗe baki ya ce an yi masa wayo, wannan ya fi masa asarar kuɗin ciwo. Ɗan damfara ya san haka, da shi yake lissafi.

Yanzu bari in juyo gida, domin ba zan rubuta a mujallar ƙungiya in tsallake ƙungiya ba. Muryarmu tana da ƙarfi a kan albashi da ƙarin girma da kuɗin hutu, kuma haka ya kamata. Amma ranar da malami ya karɓi takardar ritaya, kamar mun sallame shi ne daga zukatanmu. Shekara talatin da wani abu ana cire masa kuɗin ƙungiya, ranar da ya fi bukatar mai riƙe masa hannu sai ya tarar da kansa shi kaɗai a bakin taga da jakar leda. Gurbin da muka bari ne yaron waya ya cike. Ya kira Baba sau ashirin cikin wata huɗu, yana tambayar jikinsa, yana ce masa Baba. Mu sau nawa muka kira shi? Ni da kaina, da nake wannan rubutu, rabona da gidansa kafin ranar ya fi shekara biyu.

Abin da nake roƙon shugabannin reshe ba ya bukatar kasafi mai yawa. A ware rana ɗaya a wata, a ajiye tebur a ofishin reshe, a zaunar da mutum biyu da suka fahimci tsarin, ɗaya mai aiki ɗaya mai ritaya, duk mai tambaya ya zo. A riƙa tara waɗanda ritayarsu ta rage shekara uku, a gayyato jami'an Hukumar Fansho ta Jihar Kaduna da na kamfanonin fansho da na inshora su yi bayani a zaure ɗaya, gaban juna, da Hausa, yadda babu mai iya ɓoye rabin magana. A buɗe littafin da za a riƙa rubuta lambobin waya da asusun da aka yi damfara da su, ba tare da sunan wanda aka cuta ba, reshe ya kai ƙara da sunansa, don a ɗauke wa dattawa nauyin kunya. Sannan ƙungiya ta nace a riƙa sanar da ita a rubuce duk lokacin da aka saki rukuni, da watan ritayar da aka kai, domin wanda ya san inda layi ya tsaya ba a iya sayar masa da wuri a cikinsa.

Kafin a kafa teburin, akwai abin da kowannenmu zai iya yi a wannan hutun. Ka je ofishin kamfanin fanshonka da ƙafarka, zuwa da kai ya fi saƙo, ka nemi bayanin asusunka ka ga ko kuɗin kowane wata suna shiga. Ka duba ko sunanka da ranar haihuwarka iri ɗaya ne a fayil ɗin aiki da katin NIN da banki da asusun fansho, domin harafi ɗaya kan tsayar da biya wata da watanni. Ka duba wanda ka rubuta a matsayin magaji, wataƙila tun kana saurayi ka sa sunan mahaifin da ya riga mu gidan gaskiya. In kamfaninka ba ya gamsar da kai, tun Nuwamban 2020 an buɗe damar sauya kamfani sau ɗaya a shekara, kyauta. In kana da koke, ka rubuta wa kamfanin, ka riƙe kwafi mai hatimin karɓa. In ba su amsa ba ka kai PenCom, wadda ofishinta na shiyyarmu ke Kano. Akwai kuma Hukumar Sauraron Koke-koken Jama'a, wadda tun 1975 take karɓar ƙorafin talaka a kan ofisoshi ba tare da ko kwabo ba.

Baba ya yi mako biyu ba ya ɗaukar wayata. Ranar Asabar ta uku na yi sammako na je gidansa da 'yar ledar goro, na zauna wurin Mama har ya gaji ya fito. Ashe Litinin ɗin ta zo ta wuce, ya samu dubu 15 ɗin a wurin wani ya tura, daga ranar kuma lambar yaron a kashe take. Ban ce masa komai ba, shi ma bai ce ba. Ranar Talata na nemi izini bayan tara, muka hau Keke Napep tare muka je inda ya kamata a je tun farko. Wata yarinya da ba ta wuce sa'ar 'yarsa ba ta duba kwamfuta ta ce shekarar haihuwarsa a katin NIN ta saɓa da ta fayil, kuma ba a taɓa yi masa ƙwange a lissafi ba. Ta rubuta mana takardun da za mu kawo a bayan wata 'yar takarda. Abin da muka kashe a ranar, har da kuɗin mota da hoton takardu, bai kai Naira dubu 3 ba. Gyaran katin yana hannu, Baba yana jira har yanzu.

A taron reshe mai zuwa zan gabatar da ƙudurin teburin fansho a rubuce. Ina neman wanda zai mara mini baya, da malamai biyu masu ritaya da za su yarda su zauna a kansa watan farko. Baba ya ce a sa sunansa.